A Yi Tiyata a Yamai, Wa Zai Duba Majinyaci a Bambeye?

Tun 1962, lokacin da likita John Charnley ya fara sa wa mutane ƙugun ƙarfe da roba mai ƙarko a asibitin Wrightington na Ingila, aikin canza gaɓa ya miƙar da miliyoyin mutanen da ciwo ya zaunar. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kusan kashi 58 cikin 100 na ƙugun da aka dasa suna kai shekara 25, gwiwa kuwa kusan kashi 82.

Sai dai waɗannan alƙaluma daga ƙasashen da ake bin majinyaci shekara bayan shekara suka fito. Mutumin Bambeye ta jihar Tawa kuwa, in zai samu wannan aiki, sai ya nufi Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500 daga Tawa, ko ya ƙetara iyaka zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano. A sayar da bisashe, ɗan da ke ci-rani a Abijan ya aiko da abin da ya samu, a yi aikin. Da an sallame shi ya koma gida, shi ke nan, babu mai sake tambayarsa.

Alhali a nan ne wahalar take. Ƙwayoyin cuta in suka manne wa ƙarfe, ƙwayar magani kaɗai ba ta cika fitar da su ba. Sau da yawa sai an sake yanka, an cire ƙarfen. Sabon ƙugu kan goce a watannin farko idan an lanƙwasa shi da yawa, kuma rayuwar yankin Tawa duk a ƙasa ake yin ta: zaman tabarma, tsugunon masai, sujada, sunkuyon noma. Gwiwar da ba ta samu gashi da motsa jiki ba takan sandare. Wanda ƙafarsa ta kumbura a ƙauye, wurin mai ɗori zai fara zuwa, shi kuma mai ɗori ƙashi ya sani, bai san ƙarfe ba.

Ga kuma masu sikila. Cutar kan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu, matashi ɗan shekara 25 ya koma dogara sanda. A Turai tsofaffi ne akasarin masu karɓar sabon ƙugu. Shi wannan matashi ƙarfen da aka sa masa zai ƙare tun yana da sauran rayuwa, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada.

Ƙarfen kansa ma yakan ba da kunya. A 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa na ASR bayan an dasa kimanin 93,000 a duniya. Rajistar majinyata ta Ostireliya da ta Ingila ce ta tona matsalar.

Don haka kafin a yi ta murnar yawan ayyukan da aka yi, ya kamata hukumomin lafiya su fara daga ƙasa. Kowane majinyaci ya dawo da takarda mai sunan ƙarfen da lambarsa. Babban asibitin jihar Tawa ya riƙe rajistarsu, ya kira su hoton ƙashi a kan lokaci, ya samu isassun masu gashin ƙashi. A koya wa ma'aikatan lafiya na Bambeye gane zazzaɓi, kumburi da ruwan da ke tsatsa daga ɗinki, domin su tura mutum Tawa tun a ranar da suka gani.