Ilimin da Muke Binnewa Tare da Tsofaffin Katangu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ya ratsa Kankiya, ko ya karkata ya shiga ƙauyukan Kusada, zai lura da yadda bulo da kwano ke korar ginin ƙasa. Jama'a na ɗaukar wannan a matsayin ci-gaba tsantsa. Ni kuwa ina ganin akwai hasara a ciki.

Maginin gargajiya ba ya aiki da zallar ƙasa. Sai ya cuɗa ta da ciyawa, domin ya san ƙasa tana da tauri amma ba ta da haƙuri. Da ta bushe sai ta tsage. Ciyawar ce ke riƙe bakin tsagar ta hana ta tafiya. Haka laso yake: katsi daga marina, gashin awaki daga majema, da yauƙin dafara. Ga kuma makuba ta ɓawon ɗorawa da ke kare bango daga ruwan sama, da azarar giginya wadda gara ke shan wuya kafin ta ci.

Wannan dabara tana nan cikin halittar Ubangiji. Ƙashin jikinmu haɗi ne na ma'adini mai tauri da zare mai laushi. A kwanson wasu halittun teku dangin katantanwa, kimanin kashi 95 cikin ɗari ma'adini ne irin na alli, an jera shi tamkar tubali, sauran kuwa danƙo ne a tsakani. Idan tsaga ta taso sai ta yi ta kewaye-kewaye har ƙarfinta ya ƙare. Injiniyoyi na nazarin wannan tsari don inganta irin haɗin zare da danƙo da ake ƙera jiragen sama da shi. Jirgin Boeing 787, wanda ya fara jigila a 2011, kusan rabin nauyinsa irin wannan haɗi ne.

Ban ce ginin ƙasa ba shi da aibi ba. Yana bukatar yaɓe a kai a kai, kuma damina mai ƙarfi kan rushe wanda aka yi wa sakaci. Amma hasumiyar Gobarau ta Katsina, da ƙasa aka gina ta, ga ta tsaye bayan ɗaruruwan shekaru saboda ana kula da ita.

Kamata ya yi kwalejojinmu su tura ɗalibai wurin tsofaffin magina, su rubuta ma'aunin laso da makuba, a gwada ƙarfinsu a ɗakin gwaji. Masu wannan sani tsufa ya cim musu, 'ya'yansu sun koma buga bulo, giginya da ɗorawa kuma ana sare su fiye da yadda ake dasawa.