Kwanon talaka da ya zama dukiya

Yau za mu taɓo wani batu da wasu za su ce ba ruwanmu da shi, wato wasu kwanoni da kofuna na gilashi masu walƙiya launi-launi kamar wuyan tantabara, waɗanda ake kira gilashin karnabal. Kamfanin Fenton na Amurka ne ya fara fito da su a 1908. Akan zuba narkakken gilashi cikin mazubin ƙarfe mai zane a danne shi, sa'annan a fesa masa gishirin ƙarfe tun yana da zafi. An yi su ne domin talakan da bai iya sayen gilashin Tiffany mai tsada. Da yayinsu ya wuce, har kyauta ake ba da su a wuraren wasannin karnabal, inda suka samo wannan suna a shekarun 1950.

To, yau akwai wanda aka saya sama da dalar Amurka 100,000 a gwanjo, alhali wani mai kama da shi bai wuce kuɗin cefane ba. Me ya raba su? Zane da launi da kamfanin da ya yi su, kuma mai sani kaɗai ke ganin wannan bambanci.

Zanen ya haura iri 2,000, kuma galibin kwanonin ba su da tambari. Saboda haka masani kan duba zanen ciki da na baya da yadda aka lanƙwasa bakin kwanon. Kamfanin Northwood, mai zanen Inabi da Igiya, yakan sa harafin N cikin da'ira da layi a ƙasansa, amma ba a kowane kwano ba, kuma ƴan jabu sun kwaikwayi tambarin. Launi kuwa ba a walƙiyar ake gane shi ba, sai an ɗaga gindin kwanon an duba a haske. Na Millersburg suna da daraja don kamfanin ya buɗe a 1909, bai yi ƴan shekaru ba ya rufe. Imperial ya sake buga tsofaffin zanensa a shekarun 1960 da tambarin IG, Fenton ya bi sahu a 1970 da sunansa a gindi. Wanda bai san haka ba, sabo za a sayar masa da kuɗin tsoho.

A ganinmu, abin lura shi ne ba kamfanonin suka tsare wannan sani ba. Masu sha'awa ne irin su Marion Hartung, wadda a shekarun 1960 ta zana su cikin littattafai ɗaya bayan ɗaya, har sunayen da suka raɗa wa zane da yawa suka zauna. Wani zai ce ɓata lokaci ne a ƙasar da ake neman abin sawa bakin salati. Mu kuwa cewa muke rashin sani ya fi dare duhu, kuma talaka shi ya fi cutuwa da shi, don shi ke sayar da gadonsa da arha.

Mu dubi gida. Ina tasoshi da langa da ƙoren jeren iyayenmu mata a Maraɗi, Damagaram da Tawa? Su ma kayan talaka ne, kuma tsofaffin mata sun san irinsu da zamanin da kowane ya shigo. Roba ta kore su, masu sayen tsohon ƙarfe na auna su a kilo. Muna kira ga gidan tarihi na ƙasa Bubu Hama da ke Yamai da ɗaliban jami'o'inmu su zauna da waɗannan tsofaffi, su ɗauki hoto, su rubuta suna da shekara. Ku kuma uwayen gida, kafin ku miƙa kwanon kaka ga mai sikeli, ku tambayi wadda ta san shi.