Hular Filash: A Ɗaki Tana Da Rana, A Fili Cin Batir Ce

Wannan makon batun hoto za mu taɓa, tunda da yawanmu da kanmu muke ɗaukar hoton da za mu sa a bayan littafi, ko mu biya mai hoto ranar ƙaddamarwa, ranar da ba a maimaita ta.

Kun san farar robar nan da masu hoto ke kifa wa filash kamar hula, wai don ta tausasa haske. A ganina ana ba ta girman da ya fi ƙarfinta.

Laushin haske yana zuwa ne daga faɗin inda hasken ya fito da kusancinsa da fuska. Ku dubi rana: duk girmanta, nisa ya mayar da ita ɗan ɗigo a sama, shi ya sa inuwar tsakar rana take da kaifi. Da hazon hunturu ya rufe sararin sama, sai sama gaba ɗaya ta zama fitila, inuwa ta dushe. To hular da ba ta kai tafin hannu ba, wane faɗi ta ƙara wa filash?

Aikinta na gaskiya shi ne watsa haske ko'ina. A ɗaki mai farin bango da silin na kusa, hasken zai daki bango ya dawo da faɗi, ƙyallin goshi da na hanci ya ragu, abin da ke yawan ɓata hoton mai duhun fata idan ya yi gumi. Nan kam ta ci kuɗinta.

A fili da daddare fa, ko a babban ɗakin taro mai dogon rufi? Babu abin da zai dawo da hasken. Ya tafi sama, batir na ƙarewa, filash na jinkirin sake caji, ga mai ƙaddamarwa ya riga ya ɗaga littafi ya sauke. Ƙari ga haka, duk sanda nisa ya ninka, hasken da ke isa fuska yana komawa kashi 1 cikin 4.

Don hoton bayan littafi, ku zauna gefen taga da hantsi, wani ya riƙe farin kwali a ɗaya gefen. In dole sai da filash, a juya kansa ya kalli farin silin, ko a sa farar lemar masu hoto kusa da fuska. A kula da fentin bango kuma: idan kore ne, koren zai bayyana a fuskarku.