Kafin ka kai laptop ɗinka a yi mata format

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu rubuta project, in ka buɗe Chrome ka ga shafin farko ya canza da kansa, talla sai faɗowa take, ba lalacewa laptop ɗinka ta yi ba. Manhajar talla ce, yawanci tana biyo Office ko SPSS na bulus da muke karɓa a flash.

Ni dai ban yarda da "a yi format kawai" ɗin masu gyara ba. Kuɗinka ya tafi, wataƙila har da chapter three. Shiga Control Panel ka goge baƙin manhajoji, cire extension ɗin da ba kai ka saka ba, ka danna Reset settings, sannan ka wanke ta da AdwCleaner, kyauta ce.

Password na portal da imel kuwa, don Allah canza su yau ɗin nan.