Gas ɗin da ba ya wari: abin da yaro zai sani kafin ya tafi cirani

Da an kai damman gero rumbu, an sheƙe wake, sai samari su fara ƙaranci a Dogon Kiriya da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Wasu su nufi Yamai, wasu Kwatano ko Abijan, da yawa kuma su tsallaka Najeriya: Sakkwato, Kano, Legas. Cirani mun gaje shi tun kaka da kakanni. Irin aikin da yaran ke samu ne ya canza. A da dako ne, da ga-ruwa, da gadi. Yanzu akwai waɗanda ake ɗauka leburanci a masana'anta, biyan kullum-kullum, a tsayar da yaro gaban injin da bai taɓa gani ba, a nuna masa koren makunni da ja, shi ke nan an gama horo.

Inji ɗaya nake so mu tsaya a kansa, wato mai cika gwangwanin feshi, irin na maganin sauro da turaren jiki da fenti. Kada wani ya ce wannan ai zancen Turai ne. Rambo ɗin da muke saya a shago, kamfanin Gongoni ke yin sa a Kano. Ra'ayina shi ne, abin da zai tsare ran yaro a gaban irin wannan inji bai fi darasin awa ɗaya ba, kuma mu malamai da iyaye ne ya kamata mu ba shi kafin ya hau mota. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu biyu ne a cikin gwangwanin: maganin ko turaren, da kuma gas ɗin da ke tunkuɗo shi waje in an danna. A masana'anta gwangwani yakan zo a buɗe a kan bel, a zuba masa ruwan maganin, wani inji ya ɗora masa bawul ya matse bakin gam, sannan a ɗura gas ta cikin bawul ɗin da matsi mai ƙarfi. Daga nan a bi da shi cikin ruwa mai zafin digiri 50 ko kusa da haka. Wanda ke yoyo zai fitar da kumfa, a ware shi. Shekarun baya gas ɗin da ake ɗurawa, mai suna CFC, ba ya kama wuta. Da aka gano yana cinye rufin ozon da ke tare mana zafin hasken rana, sai ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar Montreal a 1987, aka yi ta barin sa. Mafi yawan abin da ya maye gurbinsa butan ne da furofan, ƴan uwan gas ɗin girki. Duniya ta ci riba, ba musu, amma haɗarin ya sauka a kan mai tsayuwa gaban inji.

Ga inda na fi jin tsoro. Matar da ke girki da tukunyar gas ta san in ta ji wannan warin mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, to akwai yoyo. Warin nan ba na gas ɗin ba ne, da gangan ake zuba shi domin hanci ya yi gargaɗi. Gas ɗin gwangwanin feshi kuwa tace shi ake yi a raba shi da wari, don kada ya ɓata ƙanshin turare. Yaro na iya tsayuwa tsamo-tsamo a cikinsa bai ji komai ba. Ga shi da nauyi, butan ya kusa ninka iska sau biyu, saboda haka ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata da ramuka kamar ruwa, ya je ya sami wuta a inda ba a zata ba. Kuma kaɗan ya isa: kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki. Lita ɗaya ta ruwan butan in ta zube takan zama sama da lita 200 na gas. Duk ɗan CEG da ya iya rabawa zai gano cewa litar nan guda ta isa ta mai da iskar ƙaramin ɗaki abin da ke jiran tartsatsi.

Tartsatsin kuma ba sai na ashana ba. Kowa ya san yadda rigar leda ke ƙara tas-tas da dare a lokacin hunturu, har a ga ɗan haske in an tuɓe ta. Wannan ɗan hasken ya isa ya tayar da butan. Shi ya sa masana'antar da ta san abin da take yi ke sa ma'aikata tufafin auduga da takalmin da ke sauke wannan lantarki ƙasa, ta hana shiga da waya da laita, ta kuma ɗaure injuna da wayar da aka binne a ƙasa. Ɗakin ɗura gas akan ware shi daga babban gini, a yi masa rufi ko bango ɗaya maras ƙarfi domin in fashewa ta zo ta fita ta can. Fankokin zuƙe iska a ƙasa-ƙasa ake sa su, tun da can gas ke taruwa, tare da na'urar da ke shinshino shi ta kaɗa ƙararrawa ta rufe bututu da kanta. Abin da na'urar nan ta tsana shi ne a riƙa tsayar da aiki, kuma nan ne fitina take: in ƙararrawa ta cika kuka, shugaban aiki mai gaggawar cika lissafin rana zai iya cewa a kashe ta. Yaron da ya san gas ɗin ba ya wari ya san cewa an toshe hancin ɗakin gaba ɗaya ke nan.

A watan Disamba na 2018, a birnin Sapporo na Japan, ma'aikatan wani ofishin dillancin gidaje sun fesar da gwangwanayen turaren ɗaki kusan ɗari a rufaffen ofis domin su zubar da su, sannan aka kunna na'urar dafa ruwa. Ginin ya tarwatse, gidan abincin da ke maƙwabtaka ya rushe, mutum fiye da 40 suka jikkata. Waɗannan mutanen sun yi makaranta, a ƙasar da ta fi mu injuna nesa ba kusa ba. Abu ɗaya ne ba a gaya musu ba.

Bayan wuta sai yatsu. Kan injin da ke matse bawul ba ya bambanta bakin gwangwani da ɗan yatsa. In gwangwani ya maƙale, hannu yakan riga tunani kaiwa wurin. Kashe makunni kaɗai bai wadatar ba, domin yawancin injunan nan da matsattsiyar iska suke aiki, kuma iskar takan saura a bututu bayan an kashe. Sai an rufe ta, an sace ragowar, an sa kwaɗo a makunnin, makulli na aljihun mai gyara. Ruwan gas ɗin ma in ya fallatsa a fata ƙuna yake yi ta sanyi, a ido kuwa abin ya fi muni. Sai kuma ƙofa. A watan Satumba na 2002 gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, gomman ma'aikata suka mutu, rahotanni suka ce an kulle su a ciki.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: wannan nauyin mai masana'anta ne da hukuma, don me za a ɗora wa ɗan talaka? Gaskiyarsu. Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 1994, Nijar kuma a 2009, ta ce a horar da ma'aikaci, kada a caje shi kuɗin kayan kariya, kuma kada a hukunta shi in ya janye daga aikin da ya ga yana barazana ga ransa nan take. Najeriya na da dokar masana'antu ta 1987 da ta biyan diyyar ma'aikata ta 2010, mu kuma muna da kundin ƙwadago na 2012 da asusun CNSS. Takardu ba su yi ƙaranci ba. Amma yaron da ya zo daga Arewar Dogon Dutsi, ba ya jin Turanci, ba sunansa a littafin kamfani, ɗan kwangila ne ke miƙa masa kuɗi da yamma, yaushe zai ga mai binciken ma'aikatu? Ko haƙƙin janyewar ma sai wanda ya gane haɗarin zai yi amfani da shi.

Darasin ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Malami ya shigo aji da gwangwani ɗaya, ya nuna wa yara hoton harshen wuta da ke jikinsa, ya fassara musu rubutun da Hausa: kada a huda, kada a ƙona ko bayan ya ƙare, kada a bar shi a zafin da ya wuce digiri 50. Ya tambaye su zafin cikin mota a rufe, ko na shagon kwano, da azahar a watan Afrilu, lokacin da inuwa kanta ke wuce digiri 40 a jihar Dosso. Ya ba su lissafin litar nan su yi da kansu. Mu kuma fara da farfajiyar makarantarmu, inda ake tara shara ranar share-share a cinna mata wuta yara na tsaye kewaye, ba wanda ya duba ko akwai gwangwanin feshi a ciki. Wanda muke cewa ya ƙare bai ƙare ba, akwai sauran gas da matsi. Ƙanana kuma suna huda shi da ƙusa su yi motar wasa.

Iyaye, in yaro ya kira, tambayar farko takan zama nawa ake biya, ta biyu yaushe zai aiko. A ƙara da waɗannan. Me kuke cikawa a wurin? Wane irin takalmi da riga aka ba ka, kuma an cire kuɗinsu a albashinka? Ka taɓa jin ƙararrawar gas ta yi kuka, me aka yi da ta yi? In kuna aikin dare, ƙofar fita a buɗe take ko da kwaɗo? Sunanka na rubuce a wurin kamfani, ko a wurin ɗan kwangila kawai? In ya ce ƙofa a kulle take, ko an kashe ƙararrawa, ni dai shawarata a ce masa ya karɓi kuɗin ranar ya nemi wani aiki, ko da dako ne a kasuwar Singa.