Mu San Shata Kafin Mu Manta da Shi

'Yan'uwa ɗalibai, a shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin dakta na girmamawa. Wannan babbar rana ce a tarihin waƙar Hausa, domin a da ana kallon makaɗi a matsayin maroƙi kawai. Ranar nan masana suka yarda cewa mai kalangu ma malami ne.

To, mu fa? Da yawanmu mun haddace waƙoƙin Hamisu Breaker da Ali Jita, amma a tambaye mu Narambaɗa ko Ɗankwairo, sai mu yi zuru. Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri ɗan jiharmu ne, amma kaɗan daga cikinmu suka taɓa jin muryarsa. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos mai kuntigi ya rasu a 2015. Idan mu ba mu saurare su ba, wa zai gaya wa ƙannenmu?

Ba mu ce a daina jin sababbin waƙoƙi ba. Mun kuma san ba kowace tsohuwar waƙa ta dace da aji ba, shi ya sa malamai ne za su zaɓa.

Muna roƙon malamanmu na Hausa su ware minti goma a mako mu saurari waƙa ɗaya, mu fitar da karin magana da kalmomin da ba mu sani ba. Mu kuma idan an yi hutu, mu tambayi kakanninmu a Gwandu da Kalgo waƙoƙin noma da na daka, mu rubuto su. Za mu manna su a wannan allo.