Wa Zai Kula Da Kufan Ƙasar Gwandu?

Tun shekarar 1964 Gwamnatin Tarayya ta sanya kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya gina, cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. A 1979 kuma aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, aka ba ta ikon hukunta duk wanda ya ɓata wurin da ke cikin jerin. Doka ce mai kyau. Sai dai iyakar ƙarfinta shi ne abin da aka rubuta sunansa. Wanda ba a rubuta ba, ba shi da mai tsaro sai mutanen garinsa.

A nan ne maganar ta shafi Kalgo da Gwandu. A garin Gwandu Shehu Usmanu ya zauna daga 1805, shekarar da aka ci Birnin Kabi, aka kuma gwabza yaƙin Alwasa. A nan hubbaren ƙanensa Malam Abdullahi yake, mawallafin Liya'ul Hukkami, kuma masu ziyara ba su yanke ba. Hubbare irin wannan ba ya rasa mai shara. Abin tsoro shi ne sauran: guntun ganuwa a bayan ƙauye, tsohuwar rijiya, masallacin ƙasa, maƙabartar malamai da gona ta kewaye.

Ginin ƙasa kuwa rayuwarsa yaɓe ne. In aka yi damina biyu ko uku ba a taɓa shi ba, ruwa ya ci gindinsa, sauran kuma masu neman ƙasar gini su kwashe a amalanke. Ba mugunta ce ke sa su ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu abin da tudun yake.

Saboda haka ya kamata ƙananan hukumomin biyu, tare da Majalisar Sarkin Gwandu, su sa hakimai da dagatai su kawo sunan kowane irin wannan wuri da ke ƙasarsu. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta a kan hanyar Kalgo yake. Ɗalibanta na iya aunawa, su ɗauki hoto, su rubuta abin da dattawa suka sani tun suna raye. Da wannan rajista a hannu ne za a iya tunkarar hukumar tarayya, kuma da ita ne za a ware kuɗin yaɓe cikin kasafin shekara, a biya magina tun rani, kafin ruwan farko ya sauka.